Baƙuwar Kaza a Tsakar Gida: Lacca Kan Murar Kaji a Unguwanninmu na Duwala

 

Kukan da aka fi kawowa kan kaji a New Bell da Bali kusan iri ɗaya ne. An sayo kaza biyu ko uku a kasuwa, idonsu garau, an sake su cikin na gida. Bayan 'yan kwanaki baƙin sun fara atishawa, ido na kumfa, da dare ana jin ƙirjinsu yana kurɗ-kurɗ. Kafin mako biyu na gida sun kama, har uwar 'yan tsakin da aka shekara ana tattali. Sai a ce sanyi ne ya buge su, ko kuma mai kaji ya yi ha'inci.

Sau da yawa mai kajin bai san komai ba. Ku dubi hanyar da kazar ta biyo kafin ta iso hannunku. Kaji da ƙwai masu yawa da ake ci a Duwala daga yankin Yamma suke fitowa, wajen Bafusam. Wasu kuma 'yan'uwa ne ke riƙo mana su tsaraba daga Garwa, Marwa ko Gaundare. Kazar ta yi sa'o'i a kwando a kan mota, ba ruwa ba tsaba, sannan a kasuwa aka cusa ta keji ɗaya da kajin gonaki daban-daban, da agwagi, da zabi, suna shan ruwa a gwangwani ɗaya. Wahalar tafiya tana karya garkuwar jikinta, cakuɗuwar kasuwa kuma tana ba ta ciwon da ba ta da shi. Ciwon kuwa ba ya bayyana ranar da ya shiga.

Abin da muke haɗawa mu kira mura, cututtuka ne da dama. Akwai wadda ƙwayar maikoplasma ke kawowa, mai sa kumfar ido da tari mai daɗewa. Takan yi kwana 6 zuwa 21 a ɓoye, kuma kazar da ta warke tana ɗauke da ita har ƙarshen rayuwarta, tana ma iya sa wa ɗan tsako ta cikin ƙwai. Wannan ita ce ta fi yaudarar mai saye, domin kaza lafiyayya a ido tana iya zama ita ce mai rabawa. Akwai koriza, mai kumbura fuska har ido ya rufe, majinarta da wari, wadda ke fitowa cikin kwana 1 zuwa 3. Waɗannan biyun suna ramar da kaji, suna rage ƙwai, amma ba kasafai suke share akurki ba.

Mai share akurki ita ce Niyukasil. Ana gane ta da haki, koren kashi, fikafikai a sake, wuya ya murɗe kaza tana kallon sama tana juyi. Wanda ya tashi a Arewa ya san ta, ita ce mai zuwa da hunturu ta bar ƙauye babu carar zakara. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi. Sai murar tsuntsaye, wadda farkonta kan yi kama da Niyukasil ƙwarai har sai an kai ɗakin gwaji: zanko ya yi shuɗi, ƙafafu su yi jajaye kamar jini ya kwanta, kaji su faɗi da yawa dare ɗaya.

Kada mu ɗauka wannan labarin wata ƙasa mai nisa ne. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da nau'in murar tsuntsaye na H5N1 a kajin Afirka, a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna. Watan Maris na 2006 aka same shi a agwagi a Marwa. A Mayun 2016 ya ɓulla a gonar kaji ta Mvog-Betsi a Yawunde, kaji wajen 15,000 suka mutu, ya kai yankin Yamma, aka hana cinikin kaji a wurare, masu sana'ar suka tafka asara. Ya sake dawowa Yamma a Fabrairun 2022. Kuma yana kama mutum: a Janairun 2007 wata matashiya ta rasu da shi a Legas. Saboda haka al'adarmu ta gaggauta yanka kaza mara lafiya kafin ta yi mushe tana ba ni tsoro. Mai fige gashin da mai fafe cikin, galibi mace ce ko yarinya, ita ce ta fi kowa shaƙar abin da ke jikin kazar.

Duwala kuma tana ƙara nata. Ruwan da ke sauka a nan a shekara ya ninka na Kano fiye da sau uku. A Yuli da Agusta akurki ba ya bushewa, kashin kaji ya jiƙe ya riƙa tayar da wari mai yaji. Idan ka sunkuya cikin akurki idonka ya yi ƙwalla, to wannan iskar tana ƙona maƙogwaron kazarka dare da rana, tana buɗe wa kowace ƙwayar cuta ƙofa. Dusa ko masara da ta yi fumfuna ita ma tana kama huhu, musamman na 'yan tsaki. Da yawa cikinmu kuma muna toshe akurki da leda don tsoron sanyi, alhali iska kazar take nema.

Shawarata ta farko ita ce mu raba kazar yanka da kazar kiwo tun a kasuwa. Wadda aka saya don Sallah, suna ko baƙo, a ɗaure ta nesa da akurki, a yanka ta ranar, kada ta kwana da na gida. Wadda za a kiwata, a nemo ta a gida ko gonar da aka san lafiyar kajinta, a tambayi rigakafin da aka yi mata. Ko daga ina ta fito, ko da daga hannun yayarka ce, a killace ta mako uku zuwa huɗu.

Na san abin da iyayenmu mata za su ce: ina fili a New Bell? Gida ɗaya iyali huɗu, tsakar gida ba ta wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Gaskiya ne. Amma babban kwando a kife a bayan ɗaki ko ƙarƙashin rumfa ya isa, muddin baƙuwar tana da nata mazubin ruwa da na abinci. A fara ba na gida abinci, a ƙare da ita, a wanke hannu da sabulu. Wanda gidansa ba zai ɗauki ko wannan ba, gara ya ƙara kajinsa ta hanyar ƙyanƙyasa.

Sai maganar kafso ja da yalo da muke fasawa a ruwan kaji. Ba ya taɓa Niyukasil ko murar tsuntsaye, domin ƙwayoyinsu ba irin waɗanda yake kashewa ba ne. A kan maikoplasma da koriza, magani irin tailosin ko oksitetrasaiklin yana kwantar da ciwon idan likitan dabbobi ya auna shi aka cika kwanakinsa, kuma akwai kwanakin da za a jira kafin a ci ƙwai ko naman. Ɗan barbaɗen da muke yi yau mu bari gobe yana koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin da 'ya'yanmu za su buƙata a asibiti.

Idan kaji suka fara faɗuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a sayar da ragowar, kada a jefa mushen a kwata ruwa ya kai wa maƙwabta. A sa leda a hannu a ɗauke, a ƙona ko a binne da zurfi, a sanar da ofishin ma'aikatar kiwo, MINEPIA, mafi kusa.

Ga roƙona ga dattawa da ƙungiyoyin mata. Rigakafin Niyukasil yana samuwa; cibiyar LANAVET da ke Garwa tana yin sa a ƙasar nan. Matsalar ita ce kwalba ɗaya takan ɗauki na kaji ɗari ko fiye, tana son sanyi, kuma da an haɗa ta dole a ƙarar da ita nan da nan. Mai kaza takwas ba za ta saya ita kaɗai ba. Amma gidaje goma sha biyar na layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi, su gayyato ma'aikacin dabbobi ya bi gida-gida ya yi wa lafiyayyun kaji, a maimaita duk lokacin da ya tsayar, a kuma sa zagaye ɗaya ya faɗo makonni kaɗan kafin kowace Sallah da ƙarshen shekara, lokacin da baƙin kaji suka fi shigowa unguwa.