Kuɗin da Suka Ƙetare Iyaka, da Yadda Aka Dawo da Su

 

Mu mutanen ƙasar Daura ba sai an koya mana abin da ake kira iyaka ba. Daga nan zuwa Kwangwalam tafiya ce 'yar kaɗan, kina wucewa kin shiga Nijar, hanyar Matamaye har Damagaram. Mun san buhun shinkafa da jarkar mai da ake bi da su ta ɓarauniyar hanya. To amma akwai kayan da ke ƙetare iyaka ba jaki ba babur: kuɗin gwamnati, wato kuɗinmu, da ake turawa daga banki zuwa banki har su kwana a Turai.

Janar Sani Abacha ya mulki ƙasar nan daga 1993 har rasuwarsa a watan Yunin 1998. Na san maganar tana da nauyi a Arewa, kuma wanda ya riga mu gidan gaskiya addu'a ake bin sa da ita. Sai dai kuɗin da aka fitar a zamaninsa an same su a bankunan waje, kotunan can kuma sun yi hukunci a kansu.

Me ya sa dawo da su ya ɗauki shekaru? Uwargida, a ce an sace akuyarki, aka gan ta ɗaure a wani gari da ba na hakiminku ba. Ai ba za ki tura yaro ya kwanto ta ba. Sai mai garinku ya aika wa nasu, a kawo shaida, a faɗi kamanninta, sannan a sako ta. Haka abin yake tsakanin ƙasashe, alƙalin Nijeriya ba ya da iko da bankin Suwizalan. A 1999 gwamnatin Obasanjo ta rubuta wa Suwizalan tana neman taimakon shari'a, aka rufe asusun, lauyoyi suka shiga fafatawa. Sai a 2005 babbar kotun ƙasar ta yarda a sako dala miliyan 458. Ana cikin haka, a 2003, Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da yarjejeniyar yaƙi da cin hanci, wadda ta tanadi cewa dukiyar sata a mayar wa ƙasar da aka sata.

Ga inda zancen ya shigo ɗakinki. A watan Disambar 2017 Nijeriya da Suwizalan da Bankin Duniya suka sa hannu a dawo da wasu dala miliyan 321, bisa sharaɗin a raba wa gidajen talakawa, Bankin Duniya yana sa ido. Kun tuna naira dubu biyar ɗin nan ta wata-wata, da ake haɗawa a biya dubu goma duk wata biyu, kuma mata ne akasarin masu karɓa? To, da waɗannan kuɗi aka biya kaso mai yawa nata. Wata ta ja jarin ƙuli-ƙuli, wata ta sayi 'yar tunkiya, da yawa ba su ma san daga ina kuɗin suka fito ba. Wasu sun ɗauka kyautar ɗan siyasa ce, har da guɗa. A'a, haƙƙinki ne aka dawo miki da shi, kuma duk wanda ya yanki wani abu a ciki da sunan na goro, shi ma satar ya yi.

Ni kam sharaɗin nan ya ɗan sosa mini rai, a ce kayanka ne amma sai an tsare ka wajen kashewa. Sai dai kar mu ga laifin kowa, don kuɗin da aka dawo da su da farko an sha ƙorafin ba a gane inda wasu suka shiga ba. A 2020 ma, da Amurka da tsibirin Jasi suka sako dala miliyan 311, ayyuka uku aka ɗaure su a kai, ciki har da titin Abuja zuwa Kano.

Saura abu guda, kuma ku saurara da kyau. Mai ɓoye kuɗin haram ba ya son sunansa a takarda, sai ya nemi na matarsa ko ƙanwarsa ko 'yarsa, musamman wadda ba ta fita, don yana ganin ba mai neman ta. Dokar hana halasta kuɗin haram da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022 ba ta tsaya kan ɓarawo kaɗai ba, ta haɗa da wanda ya ajiye masa yana sane, ko ya kamata a ce ya sani. Ranar da hukumar EFCC za ta zo, sunan da ke jikin asusun za ta fara nema. Saboda haka in an kawo miki takardar banki ko ta gida aka ce dangwala hannu, ko aka nemi lambarki ta BVN, ki tambaya cikin ladabi: na mene ne, kuɗin wa za su shiga? In ba ki iya karatun boko ba, ki sa ɗanki ko wata da kika amince da ita ta karanta miki tukuna.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida da yara.