Gano Tushen Girgizar Ƙasa da Taurarin Ɗan'adam Domin Gargaɗin Tsunami

Tsunami, wato jerin manyan igiyoyin ruwa da ke tasowa idan ƙasan teku ya ɗaga ko ya nutse farat ɗaya, ta fi aukuwa ne a wuraren da wani faranti na ɓawon duniya yake kutsawa ƙarƙashin ɗan'uwansa, kamar gaɓar Japan da Chile da Indonesiya. Girman igiyar ya danganta da abin da masana ke kira tushen girgiza, ma'ana tsawon tsagar da ta zame a ƙarƙashin ƙasa, da faɗinta, da nisan da ta zame, kuma wajibi ne cibiyar gargaɗi ta gano waɗannan cikin 'yan mintoci kafin ruwan ya iso gaɓa.

Na'urorin auna girgizar ƙasa suna da sauri, amma lissafin gaggawar da ake yi da rawar farko da suka ɗauka yana da iyaka, domin da zarar girgiza ta kusanci maki 8 sai ma'aunin ya cika, kamar mudun da ko an ƙara masa hatsi sai dai ya zube. Abin da ya faru ke nan a Japan ranar 11 ga Maris, 2011, lokacin da hukumar kula da yanayi ta ƙasar ta bayyana maki 7.9 cikin kimanin minti 3, ta yi hasashen igiya mai tsayin mita 6 a Miyagi da mita 3 a Iwate da Fukushima, alhali girgizar ta kai maki 9.0, ruwan kuma ya haura mita 10 a wurare da dama, har mutanen da suka mutu ko suka ɓace suka zarce 18,000.

Tashoshin da ke karɓar saƙon taurarin ɗan'adam irin na GPS ba su da wannan naƙasu, saboda abin da suke aunawa shi ne gusawar ƙasar kanta, santimita bayan santimita. A ranar girgizar ta 2011 tashar Oshika ta gusa kimanin mita 5.3 zuwa gabas maso kudu, ta kuma nutse da mita 1.2. Idan aka haɗa irin waɗannan alƙaluma daga ɗaruruwan tashoshi, sai kwamfuta ta bi sawunsu da baya, bisa lissafin da Yoshimitsu Okada ya wallafa a 1985, ta fitar da siffar tsagar da ta haddasa su, daga nan a ƙiyasta yadda ƙasan teku ya ɗaga da tsayin igiyar da za ta biyo baya. A kan wannan hanya Japan ta gina tsarin REGARD bisa tashoshinta na GEONET kimanin 1,300.

Sai dai tashoshin duk a tudu suke, alhali zamewa mafi girma ta 2011, wadda ta kai wajen mita 50, ta auku ne can cikin teku, inda ganinsu yake da rauni. Shi ya sa Japan ta shimfiɗa na'urori 150 na S-net a ƙasan teku domin su auna nauyin ruwa kai tsaye. Gargaɗin da za a dogara da shi dai sai an haɗa ukun nan: na'urar girgiza domin sauri, tauraron ɗan'adam domin sanin ainihin girma, na'urar ƙasan teku kuma domin tabbatar da igiyar.