Digiri na Biyu a Lafiyar Al'umma: Takarda Muke Nema ko Masu Tare Annoba?

Lacca da aka gabatar a gaban ɗalibai da ma'aikatan lafiya a unguwar Gama, Kano

Shugaban taro, Mai Unguwa, iyaye da malamai, ƙannena ɗalibai, na gode da gayyata. Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka ba zan yi dogon sharar fage ba.

An ce in yi wa matasan Gama bayanin karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma da yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, da irin aikin da ake samu bayansa. Zan yi. Amma ina da ƙorafi a kan yadda muke koyar da wannan fanni. Abokan aikina sun gaji da jin sa a bakina, kuma yau ma shi zan maimaita.

Ba sai na ba ku labarin sanƙarau na 1996 da abin da kamfanin Pfizer ya yi a Asibitin Zana ba, ko taƙaddamar allurar shan-inna ta 2003. Duk wanda ke zauren nan ya san su, wasunku ma a gidajensu abin ya faru. Inda nake so mu tsaya shi ne watan Afrilun 2020.

Wa ya fara gaya wa duniya cewa mutane na mutuwa fiye da ƙima a Kano? Masu haƙar kabari. Su ne suka ce kafin su rufe wannan an kawo wani, har hannuwansu sun yi kanta. Sai daga baya tawaga ta zo daga Abuja, aka bi gidaje ana tambayar iyalan mamata: ya yi zazzaɓi? Ya yi tari? Numfashinsa ya sarƙe? A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya faɗi sakamakon. Mutum 979 aka ƙirga a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni. Ana binne mutum 43 a rana, alhali abin da aka saba gani 11 ne. Kashi 56 cikin 100 a gida suka cika. Sannan ya ce mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na mace-macen suna da alaƙa da korona.

Ku dubi alƙaluman nan da kyau, don duk laccar tawa a kansu take. Daga 11 zuwa 43, kusan ninki huɗu ke nan. Da akwai wanda aikinsa shi ne ya tattara adadin gawarwakin da aka kai kowace maƙabarta duk yamma, ai kwana uku sun ishe shi ya gane cewa gari ba lafiya. Littafi da biro da wayar hannu kawai ake buƙata. Kashi 56 kuma da suka mutu a gida suna gaya mana cewa fiye da rabin abin ba a asibiti ya faru ba. Wanda ya zauna a ofis yana jiran rahoton asibiti, rabin labari zai ji, kuma a makare. Sai kalmar nan "mai yiwuwa". Iyayenmu ne da malamanmu da dattawan unguwanninmu, amma har gobe ba mu da tabbacin abin da ya kashe yawancinsu, domin ba a ɗauki samfurinsu suna raye ba. Wannan ya faru ne a garin da ke da Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, garin da yake da makarantar koyar da duba-gari tun 1932, garin da masu digiri na biyu a wannan fanni ba sa ƙirguwa. Ina muke?

Zan gaya muku inda muke: muna cikin aji. Ɗalibi ya zo Juma'a da Asabar, ya kwafi darasi, ya rubuta jarrabawa. In lokacin bincike ya yi, ya buga takardun tambayoyi, ya raba wa matan da ke layin awo, ya tambaye su me suka sani game da kaza, mene ne ra'ayinsu a kan kaza. A zuba a kwamfuta, a ɗinke kundi da baƙin bango, a ajiye a kanta ƙura ta rufe shi. Ya karɓi takarda ya kai ofis a ƙara masa girma. Mutum ya kammala bai taɓa bin sawun amai da gudawa daga gidan farko zuwa rijiyar da ta jawo ta ba. Laifin namu ne malamai, don mu muke sa hannu.

Kuma ba wai ba mu san hanyar da take ɓullewa ba. Tun 2008 ake da shirin horar da masu bin diddigin annoba a fili, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan ke ba wa ɗalibansa digiri. Shekara 2 ake yi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu a aji, sauran a wurin aiki, kuma ana ɗaukar likitoci da likitocin dabbobi da ma'aikatan ɗakin gwaji. Ɗaliban shirin suna cikin waɗanda suka shiga ƙauyukan Zamfara a 2010 lokacin da gubar dalma ke kashe yara. Da Ebola ta shigo Legas a watan Yulin 2014, su da ma'aikatan shan-inna suka bi mutum kusan 900 gida-gida, kowa kwana 21 ana auna zafin jikinsa. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, a watan Oktoba aka ce an gama.

In kuna son ganin ainihin aikin, ku nemi jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarku. A ce masa ga yaro ƙafarsa ta saki, sai ya hau babur da akwatin ƙanƙara a ɗaure a baya. Ya karɓi bayan gidan yaron, ya dawo bayan awa 24 ya karɓi na biyu, ya cike fom, ya tabbatar ƙanƙarar ba ta narke ba har samfurin ya kama hanyar ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri. Da irin wannan wahalar aka kai ga 25 ga Agustan 2020, ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Wannan bawan Allah ya fi yawancin masu kundinmu sanin annoba, amma in ya nemi gurbin ƙaro karatu sai a ce takardunsa ba su kai ba.

Mashaƙo ya sake tona mana asiri daga ƙarshen 2022. Fiye da rabin waɗanda suka kamu a faɗin Najeriya 'yan Kano ne, galibi yaran da ba a yi wa allurar sati 6 da 10 da 14 ba. Yaran nan suna cikin lungunanmu shekara da shekaru, babu wanda ya ƙirga su sai da wuyansu ya kumbura.

Za a ce babu kuɗi. Nawa ne kuɗin man babur? Wasu kuma su ce sai an je Landan ake samun ilimin gaske. Wanda ya samu dama ya je, Allah ya ba da sa'a, amma ba a Landan za a nuna masa inda 'yan garuwan Gama ke ɗibar ruwa ba.

Maganar aiki kuwa, akwai shi. Akwai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, da aka sa wa dokarta hannu a 2018, akwai hukumomin lafiya matakin farko, akwai jami'o'i, akwai Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar likitoci ta MSF. Sai dai kada ku ɗora rayuwarku a kan kuɗin masu tallafi. Kun ga yadda mutane suka wayi gari babu aiki a 2025 da Amurka ta rufe hukumar tallafinta ta USAID. Dole gwamnatin jiha ta buɗe wa masu wannan sana'a matakin albashi da ƙarin girma nasu na kansu, a dukkan ƙananan hukumomi 44.

Ga jami'o'inmu, abin da na daɗe ina faɗa shi ne kada a ba kowa wannan digiri sai ya yi aƙalla rabin karatunsa a ƙaramar hukuma, ya binciki ɓarkewar cuta da ƙafarsa, ya rubuta rahoton da aka yi aiki da shi. A buɗe ƙofa ga ma'aikatan jinya da ungozoma da duba-gari. A koya wa ɗalibi zama da mai kemis da limami da wanzami, don su ne ke ganin mara lafiya kafin mu.

Ku kuma ƙannena, kafin ku biya kuɗin fom, ku tambaya: wata nawa zan yi a fili, kuma wa zai duba aikina a can? In aka kasa ba ku amsa, ku nemi wani wurin.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, roƙona gare ka shi ne a ajiye littafi a maƙabartar da mutanen Gama ke kai 'yan'uwansu, a riƙa rubuta rana da shekarun mamaci da abin da ya yi fama da shi. A ba ɗalibai biyu daga zauren nan su riƙa tattara shi duk Juma'a, su miƙa wa jami'in sa ido na ƙaramar hukumar Nassarawa. Ni kuma na ɗauki nauyin koya musu yadda ake karanta shi, kyauta.