Laifin Wane Ne Idan Ƙwaya Ta Kwantar Da Yaro?

Jawabin editanmu ga iyaye da malamai a Kibiya



Idan yaro ya sha kodin ko tiramol ya faɗi, sai gardama ta tashi. Uba ya ce laifin malami ne. Malami ya ce yaro ya fi daɗewa a gida. Su biyun su taru a kan mai kemis. Mai kemis ya ce shi ma sarowa ya yi daga Kano.

Masu sayarwa suna da babban kaso, babu shakka. A shekarar 2018 gidan BBC ya nuna yadda ake fitar da maganin tari mai kodin ta bayan fage. A watan Mayu na shekarar gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Tiramol kuwa, wanda likita ke bayarwa mai lamba 50 ne ko 100. Na 'yan fasa-ƙwauri yakan kai 225, har ma fiye.

Amma akwai wanda ba a cika ambata ba. Mai gona ya ɗauki yaro ƙwadago. Ya ga yana noma tun hantsi har la'asar ba hutu. Ya san dalili, ya yi shiru don aikinsa na tafiya. A ganina shi ma da hannunsa a ciki.

To, muna wannan gardama, yaron fa yana kwance. Waɗannan ƙwayoyi numfashi suke ragewa. Za ku ga an tashe shi bai tashi ba. Numfashinsa sama-sama, ko da minshari. Baƙin tsakiyar idonsa ya ƙanƙance. Mai tiramol yakan yi jijjiga kamar farfaɗiya.

Kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. Kada a kulle shi a ɗaki don jin kunyar maƙwabta, wai barci zai warware. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota zuwa asibiti, a gaya wa likita abin da ya sha.

Akwai magani mai suna naloxone. Yana dawo da numfashi cikin 'yan mintoci. Ƙarfinsa yakan ƙare kafin na ƙwayar, don haka dole yaro ya zauna a asibiti. A Amurka, tun 2023 ana sayar da na fesawa a hanci ba takardar likita, makarantu da yawa suna ajiye shi. Wasu sun ce ajiye shi zai ƙara wa yara ƙarfin gwiwar sha. Ban yarda ba. Maganin ba ya bugarwa, kuma ba yaron da ke shan ƙwaya don ya ga akwatin magani a ofishin hedimasta.

Ina roƙon ƙungiyar iyaye da malamai ta tura mutum biyu asibitin Kibiya da na Rano. Su tambaya ko akwai allurar naloxone, da wanda ke yin ta da dare. Su kawo mana amsa a zama na gaba.