"Kawu, mu ina hanyarmu take?" Jawabi kan fita yawon keke da yara a Maraɗi

Yau ba batun tsadar hatsi ko yankewar wuta na zo da shi ba, batun keke ne. Na ga wasu sun fara murmushi. To ku bari in ƙare tukuna.

Wata Lahadi cikin sanyin bana, ni da mijin yayata muka ce bari mu fitar da ɗiyansu yawo bisa keke, mu gangara garake na bakin Gulbi su ga inda tumatir da salati ke fitowa. Babbar shekararta 9, mai bi mata 6, kowa da kekensa. Autan, ɗan shekara 3, na goyo shi a mazaunin baya. Cikin unguwa lafiya lau. Da muka iso bakin kwalta sai kowa ya sauka. Ga kamiyo, ga kabu-kabu, ga adaidaita, gefen hanya kuma rairayi da teburan masu saye da sayarwa. Muna tsaye muna jiran sarari, sai ɗan shekara shidan ya ɗago kai ya ce: "Kawu, mu ina hanyarmu take?" Wallahi na rasa amsa.

Da za mu komo kuma, autan ya yi gyangyaɗi, diddigensa ya shiga wayoyin ƙafar keke. Allah ya taƙaita, fata ce ta saluɓe, amma sai da muka je likita. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Shi ya sa maganata ta yau kashi biyu ce: abin da ke wuyanmu, da abin da ke wuyan hukuma.

Kada wani ya ce wasa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a rahotonta na 2023 ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ke nan mu da ƙannenmu. A ƙasa kamar Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, titin da yaro ba ya iya bi titin tsirarun mutane ne.

Mu fara da namu. Na ɗaya, lokaci. Ku fita da sassafe, bayan asuba da gari ya waye, an fi jin daɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma yaro ba ya faɗin ƙishirwa sai ta ci ƙarfinsa. Ku ɗauki ruwa, ku ba shi tun bai tambaya ba.

Na biyu, nisa. Kilomita 2 ko 3 sun ishi ɗan shekara shida, da tsayawa a inuwa. Mafi ƙanƙanta shi ke yanke gudun tafiya. In ya ce ya gaji, a juya.

Na uku, jeri. Babba a gaba, babba a baya, yara tsakiya, ɗaya bayan ɗaya, a hannun dama. In an zo kwalta a sauka, a tura keke a ƙetare tare.

Na huɗu, goyo, inda ni na yi kuskure. Yaron da bai iya zama da ƙarfinsa ba, ba a ɗora shi. Wanda ya iya, a sa mishi takalmi rufaffe, a je wurin mai walda ya yi matakin ƙafa, a rufe wayoyin gefe biyu ko da faifan roba ne. In barci ya kama shi, a tsaya.

Na biyar, kaske daidai kan yaro, ya sauko goshi, tsakaninsa da gira yatsa biyu, a ɗaure igiyar. Kafin fita a gwada birki, a duba iska, a sa famfo cikin jaka, don tsidau da ƙayar aduwa ba su san Lahadi ba.

Mai koyo kuma, a cire mishi feda, a sassauto sirdi har ƙafafunsa su taka ƙasa. In ya iya tsayar da jikinsa yana turawa, sai a mayar da feda. Kuma don Allah kada a bar ƴan mata gida ana cewa keke na maza ne. A tattare hijabi da bakin zane kada sarƙa ta kama, shi ke nan.

Yanzu na hukuma. Da yawa cikinmu bisa keken haya muka koya, a layin unguwa, babu mai tsoron mota. Garin ya faɗaɗa, babura sun cika shi, amma ana shimfiɗa kwalta kamar mai mota kaɗai ke da wurin zuwa. Ba Turai za mu je neman misali ba. A Wagadugu manyan tituna da yawa na da layin masu ƙafa biyu daban. Taron duniya kan kiyaye haɗarin hanya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 cikin awa duk inda motoci ke cakuɗa da masu tafiya ƙasa da masu keke. Dalili shi ne, a wannan gudun direba na da sararin taka birki, kuma wanda aka buge ya fi samun tsira.

Abu uku muke nema daga ma'aikatar magajin gari: tudun rage gudu da alamar ƙetarawa gaban kowace lakwal, a kwashe rairayin da ya cinye gefen kwalta, sannan a gwada rufe titi ɗaya tak, safiyar Lahadi, awa biyu, a bar wa yara.

Mu kuma kada mu zauna jira. Kowace fada ta ƙidaya makarantun unguwarta da ke bakin kwalta babu tudu, a ɗauki hoto, a rubuta sunan wurin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018. Kafin ranar, mu kai takardarmu meri da sa hannun iyaye. Ƴan uwanmu masu kabu-kabu, ku ma ku shigo, don yaron da ke gabanku bisa ƙaramin keke ɗan wani ne, gobe naku ne.

Ni dai na yi wa ɗan yayata alkawarin zan samo mishi amsa. Ni kaɗai ba zan iya ba, shi ya sa na kawo muku tambayar tasa.

Allah shi kiyaye mana yaranmu.