Ni da Ummi da maganar zuwa Turai

Yau hirar ta cikin gida ce, don haka ku gyara zama.

Ina da 'ya, Ummi muke ce mata saboda sunan mahaifiyata ta ci. Shekarunta 16. Da can yarinyar nan ba ta barina in huta da surutu, amma yanzu daga "Abba ina kwana" sai "Abba kuɗin data". Gida ɗaya muke a Yakasai, amma kamar baƙi. Abin yana damuna, don na san saura ƙiris jami'a ko aure ya ɗauke ta. Shi ne na yi mata alkawari: in ta gama jarrabawar WAEC, ni da ita za mu je Turai na mako guda. Shekara biyu ina zubin adashe saboda wannan.

Rigimar farko, ina za mu? Ita Paris take so, wai ta gani a TikTok. Ni kuwa Granada ta ƙasar Sifen, wato Andalus da muke ji a tarihi. Ta ce, "Abba, in tsofaffin gine-gine kake so, ga Gidan Makama nan, ko kuɗin mota ba sai ka biya ba." Wallahi na rasa amsa.

Sai na ce to kowa ya kawo hujjarsa. Na ba ta labarin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. A Granada aka haife shi, kuma a littafinsa da aka buga a 1550 ya yi bayanin Kano da ganuwarta. Na ce kin ga, kusan shekara 500 ke nan da ɗan garin ya rubuta labarinmu, ba ma mayar da ziyara ba? Ta yi dariya. Bayan kwana biyu ita ta zo tana gaya min cewa a 1492 mulkin Musulmi ya ƙare a garin, kuma akwai babban masallaci da aka buɗe a 2003 a unguwar Albaisin, yana kallon fadar Alhambra. Daga nan na miƙa mata ragamar tsarin. Paris kuma muka ce sai ta fara ɗaukar albashi, ita za ta kai ni.

Ga abin da muka koya, ko zai amfani wani. Bizar Shengen yuro 90 ce, kuma wanda ya kai shekara 12 cikakken kuɗi zai biya. In an hana ka, kuɗin ya tafi. Dole inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da fasfo mai sauran wata uku bayan ranar da za ka baro can. Ana iya nema tun saura wata shida, don haka kada ku bari sai ƙurarren lokaci. Tunda Ummi ba ta kai 18 ba, sai da takardar haihuwarta da takardar amincewar mahaifiyarta. Jama'a, karon farko ke nan da na nemi izinin maman Ummi a rubuce, har da sa hannu. Har yau tsokanata take yi.

Sai tikitin Alhambra. Da sunanka da lambar fasfo ake sayarwa, yana ƙarewa da wuri, kuma ɓangaren fadar sarakunan yana da lokacin shiga, in ka makara shi ke nan. To ka saya kafin biza ka yi kasada, ko ka jira ka rasa? Mun saya. Tikitin jirgi kuwa mun kama wuri ne kawai, ba mu biya ba tukuna.

Babban aikin shi ne Hajiya. Ta ce, "Kuɗin da za ka fara tara mata kayan ɗaki, shi za ka kai wa Turawa?" Kuma fa tana da gaskiyarta. Na ce, "Hajiya, kayan ɗaki in da rai za a yi. Wannan shekarun nata ne ba sa dawowa." Ta yi shiru, can ta ce, "To, a kula min da takwarata, kuma kada a yi wasa da salla." Washegari ta aiko da kuɗin dambun nama, wai kada abincin can ya ƙi mu.

Yanzu takardunmu suna can, muna jira. Za a iya ba mu, za a iya hana mu. Amma kusan wata uku ke nan kullum bayan isha'i muna zaune a tsakar gida, ni da ita, muna lissafin kuɗin jirgin ƙasa daga Madrid muna musu. Jiya ta ce, "Abba, in sun hana mu fa?" Na ce sai mu hau Dala, mu zaga Kurmi da marinar Ƙofar Mata, ke ce mai yi min jagora. Ta ce ta yarda, amma sai na biya ta.

Ku taya mu da addu'a. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.