Ɓuntun Shinkafar Kura da Gubar Ƙarafa: Bayan An Tace Ruwa, Ina Za a Kai Matacin?

Ranka ya daɗe Hakimi, shugabannin ƙungiyoyin manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, malamaina, iyayenmu mata masu sana'ar shinkafa, ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

Bari in fara kwantar muku da hankali. Ruwan da ke bin kanal ɗinku daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma yana isowa Kadawa tun bai haɗu da dattin masana'antun Kano ba. Masu fama da wannan datti su ne 'yan'uwanku na bakin kogin Challawa, inda ruwan kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa ke sauka, da masu lambun Jakara da ke shayar da latas da kabeji da ruwan da ya ratso Bompai. Sai dai ku ma kuna da taku ƙofar. Takin zamani mai sinadarin fosfet kan zo da ɗan kadmiyam, sharar birni kuma da ake siyowa a zuba a gona ba a rasa mataccen batir a cikinta.

Ƙarafa uku nake so ku riƙe: dalma, kadmiyam da kuromiyam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a litar ruwan sha, kadmiyam 0.003, kuromiyam 0.05. Ido ba ya ganin wannan, harshe ba ya jin sa, tafasa ruwa kuma ba ta kawar da shi. Dalma ba baƙuwarmu ba ce. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, a 2015 kuma ta sake ɓulla a Shikira ta Jihar Neja. Labarin kadmiyam ya fi shafar manomin shinkafa. A lardin Toyama na Japan, ruwan ma'adinai ya gangara kogin Jinzu, aka yi ban-ruwa da shi, shinkafa ta tsotse gubar, ƙodar mutane ta lalace, ƙasusuwansu suka riƙa karyewa, galibi mata masu shekaru. Sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince da musabbabin.

To mene ne haɗin wannan da ɓuntu? Idan aka cashe shanshera, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta ɓuntu ne, shi ya sa kuke ganin tsibinsa a bayan kowane inji a garin nan. Fatar ɓuntu tana da wasu gurabe da ke kama ƙarfen da ya narke a ruwa. Idan aka wanke shi, aka shanya, aka niƙa, aka cika ganga da shi, sannan aka bi da gurɓataccen ruwa ta ciki a hankali, wani kaso na ƙarfen zai maƙale. In an mai da shi gawayi a rufaffiyar ganga da ƙarancin iska, a zafin digiri 400 zuwa 600, ƙofofinsa kan yawaita, kamunsa ya ƙaru. Totuwar masara da ɓawon gyaɗa da tukar rake duk suna yin irin wannan aiki. Kowane ƙarfe da halinsa: dalma da kadmiyam sun fi kamuwa idan tsamin ruwan kaɗan ne, nau'in kuromiyam da ake kira mai lamba shida kuwa sai ruwan ya yi tsami sosai. Saboda haka wanda ya ce muku buhu ɗaya zai tace kowane irin ruwa, talla yake yi.

Ɗalibanmu na jami'a sun sha rubuta kundin digiri a kan wannan. Za ka ga sakamako mai faranta rai, an cire kaso kaza cikin ɗari a kwalbar gwaji. Da ka buɗe babin ƙarshe kana neman inda aka kai ɓuntun da ya sha gubar, sai ka ji shiru. Nan ne damuwata take. Ƙarfe ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa ya ƙare. Wuri kawai muka sauya masa, daga ruwa mai yawa zuwa buhu guda. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ku kuma kun fi ni sanin cewa a Kura ɓuntu ba ya kwana banza. Mai turara shinkafa za ta iza wuta da shi. Mai kaji zai shimfiɗa wa kajinsa, daga baya ya sayar da takin ga mai tumatir. Wani ya watsa a gona. Tokar ma akwai mai kwasa ta tsiyaye ruwanta don miya ko sabulu. Duk waɗannan hanyoyi suna da kyau ga ɓuntu mai tsabta. In kuwa ya sha dalma, kowace ɗayansu a kwanon tuwo take ƙarewa.

Ƙonawa ta fi ba ni tsoro, don ita ce abin da hankali zai fara kawowa. Tokar ɓuntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ce ta nauyinsa, wato ƙarfen da ya rage a ciki ya ninka ƙarfi kamar sau biyar. Kadmiyam kuma ba ya jure wuta, wani sashinsa hayaƙi zai bi ya shiga huhun mai tsaye a bakin murhu. Kuromiyam ya fi su makirci. Wanda masu jima ke amfani da shi mai lamba uku ne, cutarsa da sauƙi. In aka gasa shi a sarari tare da toka, yana iya rikiɗewa ya koma mai lamba shida, mai jawo sankara, mai saurin narkewa a ruwan sama.

Hanyar da na fi so ita ce a ƙwato ƙarfen. A wanke ɓuntun da asid mai rauni, ƙarfen ya sauka cikin ɗan ruwa kaɗan, a daskarar da shi. Kuromiyam kuɗi ne, kamfanin jima da kuɗin waje yake sayo shi, don haka a mayar masa da abinsa ya sake aiki da shi. Wannan aikin masana'anta ne, kada wani ya gwada a tsakar gida. Abin da ba a iya ƙwatowa ba, a kwaɓa shi da siminti ya daskare ya zama bulo, domin siminti yana ɗaure dalma da kadmiyam ƙwarai, ko da yake kuromiyam mai lamba shida sai an fara mai da shi mai uku. Bulon nan kuma ba na gina ɗaki ko rijiya ba ne. Binne shi za a yi a ramin da aka daɓe da yumɓu, a kan tudu. A Zamfara ma haka aka yi: an kankare ƙasar gidajen, aka binne ta a ramukan da aka keɓe, aka zuba sabuwa. A nan yankin dole a yi hattara da zaɓen wuri, don shekaru da dama na ban-ruwa sun ɗago ruwan ƙasa, ramin da aka haƙa a cikin fadama kuwa rijiyar maƙwabci zai shayar.

Wa zai ɗauki nauyin? Wanda ya ɓata ruwan. Nijeriya tana da doka a kan shara mai guba tun 1988, bayan da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko, kuma tun 2007 akwai hukumar kare muhalli ta NESREA. Shawarata ga ƙungiyoyinku ita ce, in kamfani ya zo sayen ɓuntu don tace ruwa, ku sayar masa, ciniki ne mai kyau. Amma ku sa a rubuce cewa ba zai dawo kasuwa ba: a auna abin da ya shiga, a auna abin da ya fita, a zuba wanda ya sha guba a buhu mai launi dabam da ko yaro zai gane. Malaman Jami'ar Bayero da na Wudil da tashar binciken noman rani ta Kadawa, ku kuma roƙona gare ku kada ku sa hannu a kundin ɗalibi sai ya nuna inda ya kai ragowar gwajinsa. Duk inda aka yi ramin binnewa kuma, a riƙa auna ruwan rijiyoyin da ke kewaye da shi kowace shekara bayan damina, a karanta sakamakon a gaban mai unguwa.